Ƙasar Sawun Korau

A bazarar shekara ta 1910, wadda ta yi daidai da 1328 ta Hijira, tauraruwa mai wutsiya ta bayyana a sararin ƙasar Hausa. Jirgin ƙasa bai riga ya iso Kano ba, sai da shekara ta kewayo. Malamai suka yi ta fassara, wasu suka ce yunwa ke tafe, wasu suka ce mutuwar manya. Amma a Tudun Gamji, wani ɗan ƙauye a yamma da Ƙaraye, abin da tauraruwar ta zo da shi mace ɗaya tak ya shafa, ana ce da ita Tasalla.

Tasalla 'yar sussuka ce, kuma duk yankin ba mai hannun bakace irin nata. In aka haɗa mata gero da yashi a faifai, kafin mai gaisuwa ya gama tambayar mutanen gida ta ware su. Mijinta Korau farke ne. Ya bi ayarin Gwanja a kakar 1891, shekara guda kafin basasar da ta watsa kasuwar Salga, aurensu bai cika shekara biyu ba.

A garin nan akwai wata al'ada. In matafiyi ya fita, matarsa takan duƙa a ƙofar gida ta kwashe ƙasar sawunsa na dama, ta zuba a batta ta adana. Suna cewa muddin ƙasar tana cikin gida, ƙafa za ta nemo sawunta. Ran da ya dawo sai a zube ta inda aka ɗebo. In kuwa labarin mutuwa ne ya zo, nan ma a zube, mace ta shiga takaba.

Bayan wata goma sha huɗu ayari ya dawo ba Korau. Madugu ya kawo zabirarsa, ya ce kwalekwale ne ya kife da mutum biyar a mashigin Kwara kusa da Yawuri, aka tsamo huɗu, ba a ga na biyar ba. Tasalla ta karɓi zabira ta ce, "Wanda ba a ga gawarsa ba, ba ni na fara yi masa makoki ba." Da aka cika shekara huɗu alƙali ya aiko mata cewa shari'a ta ba ta dama ta yi idda ta yi wani aure. Ta ce a gaya masa ta gode. Kowace Juma'a da hantsi takan juye ƙasar a faifai ta shanya, don kada raɓa ta dunƙule ta, ta zauna tana kallonta har rana ta take tsaka. Haka ta yi shekara goma sha takwas da rabi.

Ran Juma'a ashirin ga watan Mayu, ta shanya ke nan sai ga Lantana, ƙanwar Korau, ta shigo da tulu a ka.

Lantana ta ce, "Matar yaya, an fito da ango shan iska? Wallahi da dawa kike shanyawa haka, da tuni mun cika rumbu."

Tasalla ta ce, "Wuce da ƙafafunki masu kama da muciya, kada ki yi masa inuwa."

"To, in ya bushe ki ɗan sam mini, ni ma in dama. Shekara nawa yau? Furfura ta fito miki, Tasalla. Mutum ko kan kunkuru ya hau, ai da ya iso."

"Hanyar Gwanja da nisa."

Lantana ta buɗe baki za ta ƙara, sai ta dubi fuskar matar wanta, ta fasa, ta shige madafa.

Ba a jima ba sai ga wata 'yar guguwa ta tsallako danga, tana juyi kamar mai neman wani abu. Ta wuce turmi, ta wuce tsummokaran da ke kan igiya ba ta taɓa su ba, ta zo kan faifai ta lashe ƙasar tas. Tasalla ba ta tsaya salati ba. Ta fizgi faifan ta kife guguwar da shi, ta hau kai ta danne da gwiwa biyu.

Wata murya ta fito daga ƙarƙashi ta ce, "Ya ke 'yar Adam, ɗaga mini wannan rufi. Ni ne Turnuƙu, bawan Magajiyar Ƙura, kuma manzo ba a tsare shi."

Tasalla ta ce, "Ya kai manzo, ɓarawo ake tsarewa. Mayar mini da abin da ka ɗauka."

"Ya riga ya wuce hannuna. Wannan da kuke kira tauraruwa mai wutsiya, tsintsiyar sama ce. Sau ɗaya take fitowa a tsawon ran mutum, kuma in ta fito shara ake yi. Duk ƙasar sawun da aka riƙe fiye da shekara bakwai, an umurce mu mu kwashe mu miƙa, a kai ta can sama, watannin da ke kewaye tauraron Zuhal."

Tasalla ta dubi battar da ba kome cikinta. In babu ƙasar nan a gida, da me ƙafar Korau za ta gane hanya? Ta ce, "To, ko ka kai ni inda aka kai ta, ko ka tsufa a ƙarƙashin faifan nan. Na iya jira, tambayi kowa."

Aljanin ya rantse da hatimin Annabi Sulaimanu zai kai ta ya kuma dawo da ita. Ta ɗaga faifai. Ya fito, dogo siriri, launin toka, daga ƙugu zuwa ƙasa ba ƙafa sai juyi. Ya ce ta zauna a kan faifan ta riƙe battarta. Ta zauna. Kafin ƙiftawa da bismilla rumbunan Tudun Gamji sun koma kamar ƙwayar riɗi, Turnuƙu ya miƙa hannu ya kama bakin wutsiyar tauraruwa, ta ja su.

Suka wuce wata, suka wuce jar tauraruwa, suka wuce babban tauraro Mushtari yana ta murɗa gizagizansa. Rana ta yi ta ƙanƙancewa a bayansu har ta koma kamar fitilar aci-bal-bal a ƙofar maƙwabci. Can sai Zuhal ya bayyana, launin man shanu, girmansa ya cika ido har ya yi saura. Tasalla ta dafe ƙirji, domin ta ga wannan ƙaton abu a tsakiyar faifai yake zaune, faifai mai zobe cikin zobe kamar saƙar gwanar mata. Da suka matso sai ta ga ba kaba ba ce, ƙanƙara ce da ƙura, daga mai girman ɗaki har wadda ta fi garin tuwo laushi, kowace tana gudu a kan layinta.

A bakin faifan akwai waɗansu 'yan ƙananan watanni biyu, ɗaya ta ciki ɗaya ta waje, kowane da aljani a kai riƙe da sanda. Duk ƙurar da ta nemi bauɗewa sai su kora ta cikin garke. Suka gicciya sandunansu.

Na cikin ya ce, "Mu ne Makiyayan Gefe. Ba mai ƙetare garken nan sai ya amsa. Wanda ya kasa, mu jefa shi ciki ya yi ta kewaya har a busa ƙaho. Faɗa mana, ya ke baƙuwa, tsakanin ƙurar da ke jikin Zuhal da wadda ke can bakin gefe, wacce ke riga kammala kewaye?"

Turnuƙu ya raɗa mata cewa shi bai taɓa tsayawa ya duba ba. Tasalla ta ce, "Ranku ya daɗe, ban yi karatu ba, amma na dama fura shekara talatin. In aka juya ludayi aka zare, ta tsakiyar ƙwarya ita ke wulwulawa, ta gefe kuwa tafiyar tsohuwa take yi. Na kusa da sarki ai ba ya tafiyar kasala."

Makiyayan suka dubi juna, suka janye sanduna. Na wajen ya ce, "Malamai bakwai muka jefa ciki a kan tambayar nan. Wuce, mai ludayi."

Daga nan suka iso wani farin wata, fari fat kamar an wanke shi da nono. Gindinsa a tsattsage yake, daga tsagogin wani farin gari yana feshi sama kamar an fasa buhun alli. Mai nauyi yakan dawo ya rufe watan, mai laushi kuwa ya kuɓuce, ya bazu, ya zama wani siririn zobe mai faɗi wanda ido ba ya kama shi sai an karkata kai. Ba hanya sai ta cikinsa. Waɗansu fararen mata suka taso suna shawagi a gefen faifan, muryarsu da sanyi.

Suka ce, "Sannu da ɗawainiya, 'yar'uwa. Mun ga kayan da ke zuciyarki tun daga nesa. Bari garin nan ya sauka a kanki. Duk wanda ya rufa, begensa ya warke."

Garin ya fara sauka a kafaɗunta, da sanyi da daɗi kamar ruwan randa ran zafi. Sai ta ji nauyin da ta saba kwana da shi yana raguwa. Ta nemi wushiryar Korau a ranta, ta rasa. Ta nemi yadda yake wurga ƙafar hagu in yana tafiya, ta ga abin yana dushewa. Ta dubi battar da ke hannunta, ta ce a ranta, wannan kuma ta mece ce? Nan tsoro ya kama ta irin wanda ba ta ji ba ko a gaban Makiyaya. Ta miƙe tsaye, ta tuɓe mayafi ta kakkaɓe, ta karkaɗe kai, ta murje fuska har ta yi zafi. Nauyin ya dawo ya zauna inda ya saba.

Ta ce, "Na gode da karamcinku. Amma ciwon nan shi kaɗai ya bar mini, ba na ba da shi."

Fararen matan suka juya, suka narke cikin feshin.

Suka yi ta tafiya, Zuhal yana raguwa, har suka iso wani wata mai ban mamaki. Bayansa fari kamar auduga, gabansa baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, ga wani dogon tudu ya ɗaure shi a ƙugu kamar ɗamara. Turnuƙu ya ce, "Wannan shi ne Fuska Biyu. Fuska ɗaya yake sa wa gaba tun da aka halicce shi, ba ya sauyawa, saboda haka duk ƙurar da ke kan hanya ita ke sha."

Suka sauka a kan tudun. Wata tsohuwa tana zaune a kan dutse, rabin fuskarta fari rabi baƙi, ƙura ta taru a cinyarta har ta rufe gwiwa. Turnuƙu ya faɗi ya yi gaisuwa, ya faɗi yadda aka kife shi da faifai. Tsohuwar ta yi dariya har ƙura ta zubo daga girarta.

Ta ce, "Ni ce Magajiyar Ƙura. Ya ke 'yar Adam, sawun wa kika biyo har nan?"

Tasalla ta sunkuyar da kai ta ce, "Na maigidana, ranki ya daɗe."

"Masu gida a duniya sun fi ƙurar nan yawa. Sunansa?"

"Yayan Lantana ne."

"Sunansa na tambaya."

"Ranki ya daɗe, mijin fari ne. Tun da aka kai ni ɗakinsa bakina bai taɓa kama sunansa ba, ba kuwa a gaban manya zan fara ba."

Magajiya ta ce, "Kin kife manzona, kin ƙetare garke, kin ƙi fararen mata, amma suna ya gagare ki. Ku mutane sai Allah. To, ga sharar can." Ta nuna wani kwari a baƙar fuskar. "Duk abin da tsintsiya ta kwaso nan aka juye, ya gauraye da baƙar ƙurar da ke sauka. In kin iya ware naki, naki ne. Amma ki sani nan ba iska. Waɗanda suka zo kafin ke sun ɗaga ƙwarya sun yi shiƙa, mai nauyi da marar nauyi suka sauko tare, suka haƙura."

Tasalla ta gangara kwarin. Ta ɗebi ƙura ta saki, ta ga gaskiya ne, a hankali take saukowa kamar mai jin barci, ba ta karkata ko'ina. Ta ce a ranta, shiƙa ce ke bukatar iska, bakace wuyan hannu yake so. Ta durƙusa, ta cika faifai, ta fara kaɗawa tana buga gefensa da yatsu. Baƙar ƙurar ba ta da nauyi, sai ta riƙa gudu bakin faifai tana zubewa. Ƙasar duniya kuwa ta riƙa matsowa wajen cikinta. Ta ga farin yashi na wata ƙasa, ta ga baƙar laka ta fadama, ta ga jar ƙasa iri-iri, kowace da matar da ta taɓa duƙawa ta kwashe ta. Takan ajiye kowace a gefe da ladabi, ta sake cika faifai.

Kwana nawa ta yi, ba ta sani ba, domin ranar can ba ta faɗuwa da wuri. Yatsunta suka tsage, kafaɗunta suka mutu. Aljanu suka taru a bakin kwari suna kallo, har waɗansu suna gwada kaɗa hannu irin nata. Can sai ga wata jar ƙasa ta taru a gindin faifai, da 'yan ɓarɓashin ƙaiƙayin gero a cikinta, irin wanda shanyar Juma'a ɗari tara da wani abu ta bar mata. Ta kai hanci. Ƙofar gidansu ce, da safiyar kaka, da warin jakai. Ta juye a batta, ta cika daidai inda take tsayawa.

Magajiya ta ce, "Kin ci. Turnuƙu zai mai da ke gida."

Tasalla ta ɗaure batta a bakin zane. Har ta zauna a faifai, sai wata 'yar baƙar ƙura ta sauka a bayan hannunta. Ta shafa, ta ji ta da danshi, ta sansana, ta ji warin lakar kogi da na ganyen da ake naɗe goro.

Ta ce, "Ranki ya daɗe, wannan baƙar ƙura daga ina take zuwa?"

Magajiya ta nuna can nesa, inda wani ɗan baƙin ɗigo ke tafiya. Ta ce, "Wancan shi ne Bauɗaɗɗe. Manyan watannin Zuhal duk hanya ɗaya suke bi, shi kuwa ya juya musu baya, yana bin hanya a karkace. Ƙurar da ta tashi daga kansa ba ta komawa. Takan bazu ta yi zobe wanda ya fi dukan zobba faɗi, hasken rana yana ta tunkuɗarta kaɗan-kaɗan, tana kewayawa tana matsowa ciki, har ta zo ta faɗa a fuskar nan. Wadda ta sauka a hannunki ta yi sauri. Akwai wadda ta taso tun ba a aza harsashin ganuwar Kano ba, har yau tana hanya."

"Me ke tayar da ita?"

"Ƙafafu."

"Na su wa?"

"Na waɗanda aka riƙe wa sawu bayan kwanansu ya ƙare. Rai ya koma ga Mai shi, wannan ba mu da hannu a ciki. Amma kurwa ba ta kwanciya muddin ana kiran ƙafa. Tana ta tafiya gida, ba ta isa."

Tasalla ta ji battar ta yi mata nauyi a ƙugu kamar dutsen niƙa. Ta ce, "Kogi bai ba da gawa ba."

Magajiya ta ce, "Ban ce ki yarda da ni ba. Ga ido, ga hanya."

Turnuƙu ya ɗauke ta, suka kutsa cikin baƙar ƙurar, tana tahowa suna tafiya, tana dukan fuskarta kamar yayyafi. Ya ce mata, "Watan nan gaba da kowa yake yi, ba zan iya riƙe mu a kansa ba sai gwargwadon sallar raka'a huɗu. Abin da za ki yi, yi shi da sauri."

Suka sauka. Ƙasa baƙa, duk ramuka, ga wata hanya guda ta kewaye watan, ƙafafu sun cinye ta har ta yi zurfin ƙugu. Mutane ne a jere, kowa da kayansa a ka, kai a sunkuye, ba mai magana. Akwai masu rawani, akwai masu tufafin da ba ta taɓa gani ba. Kowane taki sai ƙura ta tashi ta yi sama ba ta dawowa.

Ba fuska ta fara ganewa ba, tafiyar ce. Wani yana wurga ƙafar hagu. Rigarsa jiƙe take sharkaf, tana ɗiga, ga huhun goro a kansa. Ko furfura ɗaya babu, yana nan kamar ran da ya fita.

Ta bi gefen hanya tana cewa, "Maigida! Maigida!" Bai waiwaya ba. Ta ce, "Yayan Lantana!" Ya ci gaba da tafiya. Ta ce, "Mai jaki biyu, ni ce!"

Turnuƙu ya ce, "Ba sa jin kome sai sunan da aka raɗa musu. Raka'a ɗaya ta wuce."

Tasalla ta dubi hagu ta dubi dama kamar mai tsoron surukai. Ta ce, "Korau."

Ya ɗago kai. Ya dube ta, ya yi murmushi, ga wushiryar nan. Ya ce, "Af! Ashe kin san sunan nawa? Ni da na ce ko ba a gaya miki ba ne ran ɗaurin aure."

Kuka ya ƙwace mata tare da dariya. Ta shiga hanyar tana tafiya kafaɗa da kafaɗa da shi, domin bai tsaya ba.

Ya ce, "Wa ya ce ki taro ni? Ai na kusa. Tudun Gamji na bayan tudun can. Na sayo miki tsakiya, dutsen wuya, a Salga, ja, irin wadda kika ce. Tana cikin zabira, zabirar kuwa ban san inda na sa ta ba."

Ta ce, "Ta iso. Tana ɗaki, ban taɓa ɗaurawa ba, jira nake ka gani."

"Me ya sami kanki, Tasalla? Gari ne ya zuba miki?"

"Gari ne."

"Kullum ke da faifai." Ya yi 'yar dariya, sa'an nan muryarsa ta sauka. "Na gaji ƙwarai. In na ce bari in zauna in sha iska, sai in ji kamar ana jan ƙafar nan da igiya. Kuma tudun can, in na hau shi sai in tarar da wani. Ba ki ga ya yi nisa ba, yau?"

Ta dubi ƙafafunsa. Ba takalmi, tafin ya cinye har ya yi kamar ganye, kowane taki yana barin kaɗan daga cikinsa ya tashi sama.

Turnuƙu ya ce, "Raka'a uku. Ya ke 'yar Adam, ƙasar taki ce, kin ci ta da hannunki. In kin koma da ita, ba mai sake karɓe miki, kuma kowace Juma'a kika shanya za ki ji takunsa yana nufo ki, har ƙarshen ranki. In kuwa kin zube, hannun da ya kwasa shi kaɗai ke iya zubewa, to ba taku, ba jira."

Tasalla ta kwance bakin zane. Shekara goma sha takwas da rabi ba ta bar ƙwaya ɗaya ta faɗi ba. Ta riƙe battar a ƙirji gwargwadon numfashi uku. Sa'an nan ta sha gabansa da gudu, ta durƙusa a tsakiyar hanya yadda ta durƙusa a ƙofar gida waccan safiya, ta juye jar ƙasar a kan baƙa, ta baje ta da tafin hannu.

Ta ce, "Taka nan, Korau. Ga ƙofar gida."

Ya ɗora ƙafar dama. Ta zauna daram. Ya tsaya. Ya sauke huhun goro, ya zauna a bakin hanya, ya miƙe ƙafafu, ya yi wata doguwar ajiyar zuciya.

Ya ce, "Alhamdu lillahi. Kin ga, na ce miki na kusa." Ya dube ta. "Kin yi jira?"

Ta ce, "Kaɗan."

Ya gyaɗa kai, ya lumshe ido. Sai ya fara tashi, daga ƙafa zuwa sama, ƙura ja mai laushi, tana bin sauran zuwa cikin babban zoben. Faifai yana hannunta, kuma duk duniya ba hannun da ya fi nata iya tare abin da ke tashi. Ta bar shi a rataye a gefenta, ta tsaya tana kallo har ja ya ɓace cikin baƙi.

A Tudun Gamji kuwa, da la'asar sakaliya ta wannan Juma'ar, Lantana ta fito daga madafa ta tarar da ita zaune a tsakar gida, faifai a cinya, batta a buɗe ba kome ciki, fuskarta baƙa ƙirin da ƙura, ƙeyarta kuwa fara fat.

Lantana ta ce, "Innalillahi! Matar yaya, rijiya kika faɗa ko murhu? Ina angon naki?"

Tasalla ta ce, "Zo ki tsefe mini kai. Ki ɗauke tandun kwallin nan, ki kuma aika a gaya wa liman ina son magana da shi."

Liman ya zo ya tsaya daga zaure. Da ya ji abin da take nufi ya ce, "Baiwar Allah, in dai tun kifewar kwalekwalen ne, a shari'a iddarki ta daɗe da cika."

Ta ce, "Allah gafarta malam, ta shari'a ta cika. Tawa ba ta fara ba."

Ta zauna takaba wata huɗu da kwana goma, ta fita a farkon goman ƙarshe na watan azumi, gero ya nuna. Ran da ta fita ta yi wanka, ta buɗe zabira, ta ɗaura jar tsakiyar nan a wuya, ta ɗauki faifai za ta masussuka. Lantana ta tare ta a ƙofar gida, daidai inda aka taɓa kwashe sawu.

Ta ce, "Wata huɗu ina binki da tambaya kina yi mini shiru. Don Allah, ran nan me ya faru?"

Tasalla ta ce, "Korau ne ya iso."

Lantana ta saki baki. Ta ce, "Wa kika ce?"

Tasalla ta gyara faifai a ka, ta ce, "Kin ji ni." Ta taka ƙofar ta wuce.